Akwatin da Ya Haɗiye Sunan Ummi

Wangsa Maju, Kuala Lumpur
Juma'a, 12 ga Yuni, 2020

Halimatu 'yar Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar da ta fi ƙarfin matsayinki, amma ya na iya, buƙata ce ta kawo ni. Ya jikin Kawu da hawan jinin nan? Ya Inna? Kwanakin baya duk wanda ka kira a Kano sai ya lissafa maka mutum uku da aka binne, har na fara tsoron ɗaga waya. Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, ya tsare na raye. In kin leƙa gidanmu ranar da aka saki gari, ki duba min Gwaggonki da idonki, domin ita ko ƙafarta ce ta karye "lafiya lau" za ta ce min.

Mu nan alhamdu lillahi. Shekaranjiya aka sassauta kullen korona. Kedai, wato shaguna, sun buɗe, sai dai ba ka shiga sai an auna zafin goshinka ka rubuta suna a littafi. Masallaci an buɗe wa 'yan ƙasa, mu baƙi an ce mu dakata, yau ma azahar na yi a ɗaki. Abinci kuwa tapau nake yi, wato a ƙunshe min a mamak, gidan abincin ƙasan benenmu, in hau sama.

Jiya na je Danau Kota wajen Yaya Saudatu, na kai mata shinkafa da mai, na tsaya a bakin ƙofa. Ciki ya yi nauyi, ƙafafunta sun kumbura. Wata huɗu ke nan tun da mijinta Malam Datti ya tafi gida tattara bayanan bincikensa aka rufe iyaka a bayansa, ita kaɗai ce da yaranta Ummi da Muntasir a hawa na sha tara. Ba ta yi min ƙorafi ba, kin san halin yayarki. Abu ɗaya ta ce, tana so ta haihu a ɗakin Inna. Likita ya gaya mata in Yuli ya wuce babu jirgin da zai yarda ya ɗauke ta.

To ga dalilin wasiƙar. Kin hana ni turo saƙon murya in dai maganar code ce, kin ce in rubuta kamar mai hankali, ga shi na rubuta. Ana shirya jirgi guda da zai kwashi 'yan Najeriya zuwa gida a watan gobe, kuma kwamitin ƙungiyarmu ta ɗalibai ne zai tattara sunayen mutanenmu ya miƙa wa masu shirya jirgin. A group aka fara, kowa yana jefo hoton fasfo tsakanin wa'azi da tallan kilishi. Na ce wa shugabanmu Malam Kalilu ya ba ni kwana biyar in gina shafi. Ya ce boleh, wato ya yarda.

Da manhajar React na gina shi. Mutum zai cike bayaninsa, in yana da iyali ya danna "Ƙara mutum", sai modal ya fito. Modal shi ne ɗan akwatin nan da ke faɗowa tsakiyar allo ya dusar da abin da ke bayansa, na fassara ne saboda 'yan diploma. A cikinsa ake rubuta sunan yaro da lambar fasfo. In an zo ɗora hoto, akwati na biyu yana buɗewa a kan na farko. Matsalar ita ce da zarar na rufe na biyun sai na farkon ya bi shi, allon kuma ya tsaya a dushe, ba sama ba ƙasa. Kwana biyu ina fama. Na buɗe miki code ɗin, ki duba, kada ki yi min jan aji.

Naki,
Abdulwahidu

*

Sharaɗa, Kano
Lahadi, 14 ga Yuni

Bawan gidanmu,

Wa alaikumus salam. Na ajiye wasiƙarka a inda ba za ta ɓata ba, saboda ranar da za ka yi musu cewa mai digiri na biyu a ƙasar waje ya taɓa durƙusa wa 'yar diploma. Baba da sauƙi, yana shan magani in ya ga dama. Inna lafiyarta ƙalau, ta sa an share ɗakin baya an sake masa leda, har itacen wankan jego ta fara tarawa. Na je wajen Gwaggo yau da aka saki gari. Lafiyarta lau da gaske, ta ce in gaya maka ka rame a hoto.

Na duba aikinka. Ciwon da ka kwana biyu kana kuka a kai, kafin shayina ya huce na gano shi. Makunni ɗaya ka ba akwati biyu. Duk su biyun abu guda suke kallo su san ko a buɗe suke ko a rufe, to in ka kashe wa ɗaya dole ɗayan ya mutu. Ko ka ba kowanne nasa makunnin, wato state, ko kuma, abin da mai hankali zai yi, ka daina ɗora akwati kan akwati kamar kayan lefe. Ka mayar da wurin ɗora hoton cikin akwatin farko, duhun nan da ke maƙalewa zai tafi da kansa.

Saura abin da ba ka tambaya ba, tunda bawa ba ya sanin inda ke masa ciwo sai uwar gijiyarsa ta nuna masa.

Akwatinka ba shi da kunya ko kaɗan, ko hura shi aka yi sai ya rufe. Wannan duhun da ke kewaye da shi, backdrop, ka bar shi yadda ya zo, duk wanda ya taɓa shi akwatin ya tafi. Ga shi kuma ka ajiye abin da ake rubutawa a cikin cikin akwatin, saboda haka in ya rufe ya tafi da komai. Ka sa backdrop ɗin ya zama static yadda ko an taɓa shi ba zai rufe ba, kalma ɗaya ce, ko kai za ka iya rubuta ta. Bayanin kuma ka hau da shi sama ya zauna a hannun shafin, akwatin aro kawai zai riƙa yi.

Sannan akwatin naka kurma ne. In an danna Save ya rufe shiru, in an taɓa gefe ya rufe shiru. Ta ina baiwar Allah za ta bambance? Ka jera sunayen da suka shiga ƙuru-ƙuru a shafi, kafin a danna na ƙarshe kuma a sake nuna wa mutum su wa da wa zai tafi da su. Na ga wata 'yar lamba da ka liƙa a can ƙasa da launin toka, wai adadin iyali. Da tabarau na neme ta.

Kuma na san ka, a laptop ka gwada, kana zaune kamar gwamna da mouse a hannu. Mutanenka da waya za su shiga, da babban yatsa, yaro yana jan zani. Ka ba wata dattijuwa wayarka ta cike kana kallo, ka rufe bakinka. In ka ƙi, wata rana akwatin nan zai haɗiye wa wani matarsa ya sauka Abuja shi kaɗai, ka ga ka raba aure daga Wangsa Maju, abin da ya rage a tarihinka ke nan.

Ka gaida min Yaya, ka ce ta riƙa ɗora ƙafa a kan filo.

Uwar gijiyarka,
Halimatu

*

Wangsa Maju
Laraba, 17 ga Yuni

'Yar diploma,

Salam. Ina fatan kowa lafiya, mu ma haka. Na gode da labarin Gwaggonki, ki ce mata kyamara ce ta rage ni.

Maganin ya yi aiki, ba zan ɓoye ba. Na cire akwati na biyu, duhu ya tafi, komai yana tafiya sumul. Allah ya ba ki miji mai haƙuri. Sauran tsiyar da kika jero min kuwa na karanta a jirgin ƙasa na LRT ina dariya a cikin takunkumi, har wata 'yar China ta matsa gefe. Raba aure daga Wangsa Maju! Halimatu, duk duniya haka modal yake, ka taɓa waje ya rufe, ba ni na ƙirƙiro ba. Kuma Malam Kalilu ya tsaya min a wuya, kira biyar a yini, ba lokacin kwalliya. In an gama rajista zan zauna in yi miki duk gyare-gyaren da ranki ke so.

Jiya muka buɗe shafin. Kafin la'asar mutum ɗari da arba'in sun shiga, ba wanda ya kira ni da ƙorafi. A group har wani ya ce ni ne injiniyan al'umma, ki rubuta wannan ma ki ajiye. Yaya Saudatu ta yi rajistarta da wuri, lambarta talatin da takwas, kujera kam ta samu in sha Allahu. Ranar Asabar ta sama za a fitar da sunaye saboda gwajin korona, jirgi kuma sha ɗaya ga Yuli. Ki ce wa Inna ta ƙara itace.

Injiniyan al'umma,
Abdulwahidu

*

Sharaɗa
Lahadi, 28 ga Yuni

Abdulwahidu,

Assalamu alaikum. Jikinmu lafiya, amma gidan nan ba wanda ya ci abincin kirki tun jiya. Na kira ka sau huɗu ba ka ɗaga ba, shi ya sa na zauna rubutu. Ka karanta wannan a zaune, babu wasa a cikinta ko layi ɗaya.

Ka riga ka san sunaye sun fito kuma babu Ummi. Saudatu da Muntasir kawai. Yaya ta kira Inna tana kuka, rabon da in ji kukanta tun ina firamare. Ta ce ta yi wa Malam Kalilu magana, ya ce shafi ya nuna yaro ɗaya ta saka, don haka Ummi sabuwar rajista ce, an sa ta a layin jira, ta arba'in da shida. Yarinya 'yar shekara takwas a layin jira, uwarta da ƙaninta a cikin jirgi.

Na sa ta ta ba ni labarin yadda ta cike, ɗaya bayan ɗaya. Nata ta yi da kanta. Na Muntasir ta yi da kanta, ta danna Save. Da ta zo kan Ummi, akwatin ya ce a rubuta suna yadda yake a fasfo. Kai ka san sunan da ke fasfon. 'Yar fari ce, kuma sunan mahaifiyar Malam Datti aka mayar mata, Hureira. Shekara takwas ban taɓa jin sunan nan a bakin Yaya ba, ko a asibiti Malam Datti ne ke faɗa. Ta ce ta riƙe wayar ta kasa, sai ta ƙwanƙwasa wa maƙwabciyarta Nuriyya, Maman Hisham, ta miƙa mata ta kau da kai. Nuriyya ta rubuta suna da lamba da komai. Kibod ya rufe rabin allo, Save yana ƙarƙashinsa ba a ganinsa. Sai ta yi abin da duk mai waya ke yi in yana so kibod ya sauka, ta taɓa gefe. Akwatin ya rufe. Ta ce wa Yaya "ya shiga", domin haka na Muntasir ya rufe. Yaya ta karɓa ta danna na ƙarshe ba ta ƙara duba komai ba, kuma ko ta duba babu sunan da zai fito mata.

Na buɗe shafinka a wayata na yi yadda suka yi. Sau biyar na gwada, sau biyar ya haɗiye. Ba ka taɓa ko ɗaya daga abin da na rubuto maka ba.

Ba faɗa nake so mu yi yanzu ba, lokacin faɗa yana nan zuwa. Yaya ta ce an ba da zuwa Talata da azahar a kai gyaran kuskure kafin a rufe takardar jirgi. Kuskuren shafi daban, makara daban. In ka je ka ce wa kwamiti shafin ne ya zubar da sunan, Ummi za ta koma lamba talatin da takwas tare da uwarta. Ba wanda zai iya faɗar wannan a yarda sai kai. Ka ɗauki waya ka nuna wa Malam Kalilu da idonsa, minti biyu ne.

Kuma ka san abin da matan group suke cewa? Nuriyya ta turo min. Wai wace irin uwa ce za ta tuna ɗa namiji ta manta 'ya mace. Wannan ake faɗa a kan Yaya Saudatu, da cikinta wata bakwai.

Ka amsa min yau.

Halimatu

*

Sharaɗa
Laraba, 1 ga Yuli

Abdulwahidu,

Salam. Ina fatan lafiya ce ta sa ka yi shiru, domin in rashin lafiya ce da na ji a bakin Gwaggo.

Talata ta wuce. Na leƙa shafinka ranar Litinin da safe, na ga akwatin ya daina rufewa in an taɓa gefe. Wato ka karanta wasiƙata, ka gyara, ka yi shiru. Na ce wa Inna ka gyara, tabbas ka je wajen kwamiti, ta kwantar da hankalinta. Har sadaka ta yi. Yau Yaya ta ce har yanzu Ummi tana ta arba'in da shida, kuma ba ta gan ka ba tun fitar sunaye.

Ka gaya min na yi wa Inna ƙarya ne ko ban yi ba.

Halimatu

*

Wangsa Maju
Juma'a, 3 ga Yuli

Halimatu,

Assalamu alaikum. Lafiyata ƙalau, in abin da ake tambaya ke nan. Ki gaida Kawu da Inna, in za su amsa.

Zan faɗa miki yadda aka yi, ki yi hukuncin da kika ga dama. Ranar Asabar da sunaye suka fito, kwamiti ya zauna ta Zoom, mutum tara. Malam Kalilu ya kawo maganar Yaya Saudatu, ya ce, "Injiniya, ko daga wajenka ne?" Ban tsaya tunani ba na ce, "System ba ya ƙarya, abin da aka saka shi yake fitarwa. Ba ta saka ba ne." Wallahi a lokacin haka na yi imani. Da bakina aka sa Ummi a layin jira.

Lahadi na karanta wasiƙarki. Na ɗauki wayata na gwada, akwatin ya rufe da sunan a gabana. Na rubuta kalmar nan ɗaya da kika ce, ko minti ɗaya ban yi ba. Daga nan na zauna. Na buɗe lambar Malam Kalilu ya fi sau goma. Ina tunanin mutum ɗari uku da suka bi ta shafin nan, in na ce ya zubar da suna ɗaya kowa zai ce nasa ma ya zubar, a rushe rajistar gaba ɗaya, a ce yaron nan ya ɓata wa al'umma jirgi. Na ce bari in binciko tukuna ko akwai wasu, in je da hujja. Litinin ta tafi a bincike. Na sami mutum uku da abin ya faru da su, amma duk sun lura sun sake. Talata na ce wa kaina ai mutane za su janye, gwajin korona zai kayar da wasu, layi zai matso. Gaskiyar ita ce kunya ce ta riƙe ni, sauran duk dalilai ne na ɗinka mata.

Laraba bayan wasiƙarki ta biyu na je gidan Malam Kalilu a Setapak. Na nuna masa tsohon shafin a waya. Ya gani da idonsa, sannan ya ce, "Abdulwahidu, da Litinin ka zo, da alƙalami ɗaya zan gyara. Jiya na miƙa takarda, an rufe, an kai sunaye wajen masu ba da izinin fita." Ya kira masu jirgin a gabana, suka ce kujeru sun cika, canjin suna kuma babu. Ya ƙara da cewa ko da hali, yanzu in ya tsallake mutum arba'in da biyar saboda 'yar uwar mai shafi, bayan mai shafin ya rantse a gaban kwamiti cewa shafinsa lafiya lau, wa zai yarda ba haɗa baki muka yi ba?

Amma ke ma ki ji naki. Kin ga ramin tun sha huɗu ga wata, sai kika rufe shi da kayan lefe da raba aure. Shekara ashirin kina ce min ba abin da na iya, ko shayi na haɗa sai kin ce ruwan wanki ne. Ta ina zan gane ranar da da gaske kike? Da kin rubuta min layi ɗaya a bushe, kin ce kada ka buɗe shafin nan sai ka gyara wannan, da na gyara. Kuma ke da kika tashi ɗaki ɗaya da ita, ke ya kamata ki tuna ba za ta iya rubuta sunan ba. Ni na san ba ta faɗa, ban taɓa kawowa har rubutu ba.

Ban je Danau Kota ba. Ban san da wace fuska zan tsaya a ƙofar ba.

Abdulwahidu

*

Sharaɗa
Lahadi, 5 ga Yuli

Malam Abdulwahidu,

Wa alaikumus salam. Baba da Inna suna amsawa, su ba su san komai ba tukuna ban da cewa an makara.

Na karɓi nawa. Na sake karanta wasiƙar sha huɗu ga wata, kuma gaskiyarka, na fi damuwa da in ci maka fuska a kan in tsorata ka. Ban tuna da maganar sunan ba, ni da nake kiran yarinyar Ummi tun ranar suna. Wannan zai daɗe yana cina, ba sai ka tuna min ba.

Amma daga Lahadi zuwa Talata babu wasana a ciki. Wasiƙar da ke hannunka a kwanakin nan uku a bushe take, irin wadda ka ce kana so. Ka sami ƙarfin gyara akwati don kada wani ya kama ka, ba ka sami ƙarfin kiran waya ɗaya ba. Kana maganar kunya. Ita ma kunya ce ta sa ta miƙa wa Nuriyya waya, tata ta girmama surukarta ce, taka ta tsare sunan injiniya ce. An zage ta a kan tata, kai har yau ana gaishe ka a kan taka.

Abu biyu suka rage da za ka iya. Ka rubuta a group ɗin nan da aka ci namanta, da sunanka, cewa ta saka 'yarta shafinka ne ya zubar. Sannan ka je ka tsaya a ƙofarta ka gaya mata tun Lahadi ka sani. Ni ban faɗa mata ba, kuma ba zan ɗauke maka wannan ba.

Daga yau in kana da tambayar code ka turo, zan amsa maka yadda nake amsa wa kowa a wurin aiki. Wasan da ke tsakaninmu kuwa na ajiye shi, ya yi mana tsada.

Halimatu

*

Danau Kota
Lahadi, 12 ga Yuli

Ƙanwata Halimatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Baba da Inna da kowa da kowa. Mu lafiya lau, yaran ma haka. Ƙafar ce dai, sai na zauna nake girki. Na rubuto ne domin in na kira Inna kuka take yi, ni ma in yi, mu ajiye waya ba mu ce komai ba. Ki karanta mata wannan a hankali.

Jirgi ya tashi jiya. Babansu ya ce in taho da Muntasir in bar Ummi wajen wasu mutanen kirki a Gombak har a sami wani jirgin. Na ce masa ya yi haƙuri, ban taɓa ƙin maganarsa ba sai wannan. Ba wanda ya san ranar wani jirgin, kuma ana cikin annoba. Kujerunmu biyu an ba wasu, Allah ya kai su lafiya. Nuriyya ma ta tafi da yaranta a cikinsa. Ta yi ta kuka tana neman gafara, na ce mata taimakona ta yi. Ta bar min tukwanenta da fanka. Yanzu a hawan nan babu mai jin Hausa sai mu.

Abdulwahidu ya zo ranar Talata. Ya tsaya a bakin ƙofa da takunkumi ya faɗa min komai, har da kwana ukun. Na ce masa Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ba zan ɓoye miki ba, bakina ne ya faɗa, zuciyar ba ta kai can ba tukuna. Ya rubuta a group, waɗanda suka yi magana a kaina yanzu su ne ke turo min addu'o'i masu tsawo. Ku daina faɗa saboda ni, ba zai dawo da jirgi ba, kuma in naƙuda ta tashi shi ɗin dai zan kira ya nemo mota.

Abin da ya fi min ciwo ba jirgin ba ne. Maganar ta kai kunnen Ummi ta bakin yara. Ina warware kayan da na riga na ɗaure, ta zo ta tsaya ta tambaye ni da Turancin nan nata wai da gaske mantawa na yi da ita. Na ce mata ban manta ba, sunanta ne ya fi ƙarfina. Ba ta gane ba, a nan ta tashi, ƙawayenta iyayensu da sunansu suke kiransu. Ta ce to in faɗa yanzu ta ji. Na buɗe baki, Halimatu, ban iya ba. Ta koma ɗaki ta rufe ƙofa.

Asibiti sun ce ba a shiga da kowa, ni kaɗai zan shiga in fito. Na yarda da wannan. Bayan fitowar ce ban sani ba, domin haihuwa biyu da na yi Inna ce ta yi min komai, ni dai zama nake a yi min. Ki tambayar min ita, ki rubuto amsar dalla-dalla. An ce Indiyawan Setapak suna da darbejiya, ko ganyenta kaɗai ya isa? Kanwar da ta rage min ba ta fi cikin tafi ba, kunu nawa za ta yi? Cibiya kuma da me ake gasawa in babu kasko? Ruwan wanka butar lantarki ɗaya gare ni, kafin ta biyu ta tafasa ta farko ta huce. Ki tambaye ta ko akwai laifi in na yi da ruwan famfo mai zafi, kuma ko 'yar shekara takwas za ta iya riƙe jariri kafin in fito.

Itacen da ta tara, ki ce ta ba maƙwabta kada damina ta lalata shi.

Yayarki,
Saudatu